Uwargida, Ina Tagar Ɗakinki?



Kwanan baya na je barka wani gida. Na shiga ɗakin mai jego da rana tsaka, amma sai da na tsaya a bakin ƙofa idona ya washe kāna na ga inda zan zauna. Ɗaki kam ya sha kaya. Ga gado, ga kabad, ga kwanoni an jera har kusa da rufi, ga labule mai tsada. Da na ɗaga labulen nan sai na tarar tagar da ke bayansa ba ta fi faranti ba, an kuwa cusa mata tsumma tun sanyin bara, ba wanda ya tuna ya cire. Jariri yana ta gumi, uwa tana ta fifita.

Ba wannan baiwar Allah ce kaɗai ba. Ke ma ɗaga kai ki dubi naki ɗakin. Mukan kashe kuɗi mai yawa wajen abin da baƙi za su gani, mu manta da iskar da 'ya'yanmu ke shaƙa dare da rana. Don haka yau zancenmu na taga ne, da yadda mace za ta shirya, ta ƙididdige kuɗinta, ta samu taga ta kirki ba tare da ta jefa kanta ko mijinta cikin bashi ba.

DON ME KAKANNINMU SUKA YI 'YAR ƘARAMAR TAGA?

Kada ki ce rashin wayo ne. Maginan dā sun san abin da suke yi. Ɗakinsu na tubali ne, bango mai kauri, rufin soro na azara da ƙasa, ko kuwa na ciyawa. Irin wannan ɗaki shi ke riƙe sanyinsa da rana, ya riƙe ɗuminsa da dare. 'Yar taga can sama ta ishe shi, ga ta kuma ta tsare sutura, ta hana ɓarawo.

To, yanzu gini ya sāke. Ko ina kika duba a Bebeji, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, bulo ne da kwano ke ta tashi. Bangon bulo ba shi da kauri, kwano kuwa da rana ta taɓa shi sai ɗaki ya zama tanderu, balle in ba silin. Mun sāke bango, mun sāke rufi, amma da yawanmu mun bar taga yadda kakanni suka bar ta. Nan ne kuskuren yake.

ABIN DA TAGA KE YI MIKI

Na farko, iska. Ɗakin da mutane da yawa ke kwana, ba mashigar iska ba mafita, shi ne inda cututtukan da ke bin numfashi suka fi saurin yaɗuwa, kamar tarin fuka da ƙyanda da sanƙarau. Manyanku ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, Kano kuwa tana cikin inda abin ya fi tsanani. Lokacinsa rani ne da bazara, sa'ad da iska ta bushe, zafi ya taso. Allurar rigakafi ita ce babban makami, amma ɗaki mai shan iska mataimakinta ne.

Na biyu, sauro. Tun 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano a ƙasar Indiya cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓi. Irin sauron nan kuwa da dare ya fi cizo, watau lokacin da kuke cikin ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya duka a Nijeriya suke. A ƙasar Gambiya an yi gwaji a gidaje, aka sa wa waɗansu raga, aka bar waɗansu haka nan. Da aka bayyana sakamako a 2009, sai ga shi sauron da ke shiga gidaje masu raga ya ragu da wajen rabi, yara masu ƙarancin jini kuma sun ragu ƙwarai. Saboda haka taga ba raga, ƙofa ce kika buɗe wa sauro. Amma fa raga ba ta ɗauke miki ɗaura gidan sauro ba. Su biyun ake haɗawa.

Na uku, haske. 'Yar makaranta ta samu inda za ta yi karatu, mai ɗinkin hula ta ga allurarta, ke kuma ki ga dattin da ke lungu ki share.

KOWANE GARI DA TASA BUKATA

Ke da ke zaune kusa da madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974, ko kusa da fadamun shinkafa na Tudun Wada, kin san ruwan da ke kwance alheri ne ga manomi, amma shi ne kuma gidan haihuwar sauro. A gare ki raga ita ce gaba da kome. Ko ba ki da halin sabuwar taga bana, ki sa wa tsohuwar raga. Ki sa a toshe sararin da ke tsakanin bango da kwano, gama ta nan ne sauro ya fi shiga.

Ke kuma ta Doguwa, bayan dajin Falgore, wajen duwatsun Riruwai, ruwanku ya fi na birni yawa, ya kuma fi daɗewa. Taki tagar tana bukatar murfi mai rufuwa ruf, da 'yar rumfa a samanta don kada ruwa ya bi bango ya shigo. Ga kuma nisa. Abin da aka sayo a Kano sai ya sha hanya kafin ya iso, gilashi kuwa ba ya son gargada. Ki fara tambayar masu walda da kafintocin garinku tukuna.

Ke da ke bakin titi, kamar Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, ƙura ce abokiyar gabarki. Tagar da ke fuskantar titi ta zama ƙarama mai rufuwa sosai, babbar ta dubi tsakar gida.

AWO KAFIN CINIKI

Nan ne aikinku, 'yan makaranta. Lissafin da ake koya muku ba don jarrabawa kaɗai ba ne. Ku ɗauko ma'auni ku auna ɗakin Inna. Masana gini sukan ce faɗin taga duka kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki. A ce ɗaki ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 12 faɗi. In kin buga 12 sau 12, kin sami 144. Kashi ɗaya cikin goma na wannan shi ne 14 da ɗoriya. Taga mai ƙafa 4 tsawo, ƙafa 4 faɗi, ta ba da 16, ta isa ke nan. Amma biyu masu ƙafa 3 da 3 a bango dabam-dabam sun fi ta amfani, domin iska ba ta shiga ɗaki sosai sai ta ga inda za ta fita.

Ki lura kuma da wajen da za a fasa. A ƙasarmu hadari daga gabas ya fi tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowanne zaizayewa. Yamma kuwa ita ke shan ranar la'asar. Tagar kudu da ta arewa sun fi sauƙin rana da ruwa. In babu hali sai gabas ko yamma, to, a yi mata rumfa. Kada kuma a fasa ta inda za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. In ta waje ce, a ɗaga ta sama da kan mai wucewa, sutura ta tsaru, iska ta shiga.

In bangonki na ƙasa ne, a kira magini wanda ya san ginin ƙasa. Ba a fasa taga kusa da kusurwa, ba a kuma fasa ta inda nauyin azarar rufi ya sauka. Doguwa siririya ta fi mai faɗi aminci a irin wannan bango. Tilas ne a ɗora azara ko katako mai ƙarfi a samanta. In na bulo ne, sai an zuba linta da rodi. Wanda ya tsallake wannan don rage kuɗi, zai ga bango ya tsage tun daga kan taga.

WACE IRI ZA KI ZAƁA?

Tagar katako ita ce mai sauƙin samu, kowane kafinta zai yi ta, ba ta kuma ɗaukar zafi. Aibinta gara, da kumbura da damina in icen bai bushe ba. A nemi busasshen katako, a shafa masa maganin gara, a yi masa fenti.

Tagar ƙarfe ta mai walda tana da ƙarko, tana da wuyar fasawa. Aibinta tsatsa. Ki tabbata an shafa mata jan fentin nan na hana tsatsa kafin a kafa ta. Ki kuma taɓa kaurin ƙarfen da hannunki, gama akwai mai laushi kamar gwangwani.

Tagar alminiyam da gilashi ita ce ake yayi. Ba ta tsatsa, gara ba ta cinta, tana ba da haske ko tana rufe. Amma ta fi tsada, in kuwa gilashin ya fashe sai an nemo mai yanka shi. Ki sani kuma, wadda ake turawa gefe rabi kaɗai take buɗuwa, watau rabin iska za ki samu. Wadda ake buɗewa kamar ƙyaure ita ke buɗuwa duka. Kada yayi ya ruɗe ki. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Sa'an nan ga maganar sandunan ƙarfe na hana ɓarayi. Suna da kyau, amma ki tuna ranar gobara, Allah ya kiyaye. Abin da ya hana ɓarawo shiga shi zai hana ki fita da 'ya'yanki. A sa mai walda ya yi wa taga guda a kowane sashe ƙarfe mai buɗuwa ta ciki, a rataye mabuɗin kusa, inda kowane babba ya sani.

KUƊIN TAGA BA SHI NE KUƊIN AIKI BA

Abin da ya fi kā da mutane ke nan. Maigida ya ji farashin taga a kasuwa, ya ce ai da sauƙi, ya saya, ya sa a fasa bango. Sai kuɗi ya ƙare a tsakiya, a rataya zana ko buhu a ramin, a ci damina a haka. Don gudun wannan, ki samu littafi ki rubuta kome da kome: kuɗin tagar kanta, da na raga, da na sandunan ƙarfe, da sakata da kwaɗo. Sai siminti da yashi, da rodi ko azara. Sai ladan magini da na yaronsa, da abincinsu in haka kuka shirya. Sai kuɗin mota da na dako. Sai fenti da gyaran bangon da aka fasa. In kin tara jimla, ki ƙara kashi ɗaya cikin goma a kai saboda abin da ba a zata ba.

Kada a tsaya ga bakin mutum ɗaya. A tambayi masu sana'a uku. In maigida ko ɗanki zai shiga birni, ya jiyo farashin kayan gini a kasuwar Ƙofar Ruwa, da na katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, sa'an nan ku ɗora kuɗin mota a kai ku gwada da na gida. Sau da yawa arahar birni a hanya take ƙarewa.

In an daidaita da mai aiki, a rubuta awo, da irin kaya, da kuɗi, da ranar gamawa, a gaban shaida. A ba shi kafin alƙalami na sayen kaya, sauran sai aiki ya kammala kin gwada da hannunki, kin buɗe kin rufe, kin ga ba inda raga ta bar kafa.

INA KUƊIN ZAI FITO?

Bari in ba ki misali na lissafi kawai, farashin gaskiya sai kin tambaya a garinku. A ce jimla ta kama naira 60,000. Kin ƙara 6,000 na ko-ta-kwana, ya zama 66,000. In kina iya ajiye naira 2,000 kowane mako daga cinikin ƙuli-ƙuli, ko fura, ko turara shinkafa, ko ɗinki, cikin mako 33 kin haɗa, watau bai cika wata takwas ba. Da yayyafi kogi kan cika.

In kina adashe, ki roƙi uwar adashe ta sa ɗaukarki ta faɗo da kaka. Amma ki kula da abu guda. Kuɗi ba ya jiran mai shi yanzu. A 2024 hukuma ta ce tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekara guda. Watau kuɗin da ke kwance cikin asusu raguwa yake yi ko ba wanda ya taɓa shi. Saboda haka da zarar abin da kika tara ya isa sayen wani abu daga cikin jerin, ki saya ki ajiye. Yau raga, gobe rodi, jibi tagar. Siminti kaɗai za ki bari sai ƙarshe, gama shi in ya daɗe ya sha danshi sai ya daskare. Waɗansu kuma sukan sa kuɗin a 'yar akuya, su sayar in lokaci ya yi.

Kada ki ce sai kin gyara gida duka rana ɗaya. Ki fara da ɗakin da yara da mai ciki ke kwana. Baɗi a yi madafa, don hayaƙin itace yana cin ido da ƙirji. Falo shi ne na ƙarshe, ko da yake shi baƙi ke gani. Ku kuma iyayen amare, cikin abin da kuke warewa na kayan ɗaki, ku je ku dubi ɗakin tukuna. In ba taga ta kirki, ku yi magana tun kafin a kai amarya.

YAUSHE ZA A YI AIKIN?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Amfanin gona ya shigo gida, ruwa ya ɗauke, maginan da suka tafi noma sun dawo. A gama kafin zafin Maris da Afrilu, balle ruwan farko. Ga doka guda da nake so ki riƙe: kada a taɓa bango sai taga ta iso gida, siminti da yashi suna ajiye, ladan magini yana hannu. A fasa da safe, a kafa kafin magariba. Bayan nan a riƙa yayyafa wa simintin ruwa 'yan kwanaki, domin iskar hunturu kan busar da shi da wuri ya tsattsage.

In sanyi ya zo kuwa, a rufe murfi, amma kada a koma ga tsumma. Kada ki kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, kada kuma a ajiye janareta a gindin taga. Cikin hayaƙinsu akwai wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutane suna barci.

SHAGO DA MAKARANTA

Lissafin nan duka ya shafi wurin sana'a. Shagon ɗinki mai duhu yana ɓata aiki, yana gajiyar da ido. Shagon magani da na kayan masarufi in sun yi zafi da yawa kaya kan lalace. Ɗakin ajiyar hatsi yana son ƙananan tagogi can sama, da waya mai ƙarfi wadda ɓera da tsuntsu ba za su keta ba. Mai shago ta ware wani abu daga ribar kowace rana, ta kuma zaɓi lokacin da ciniki ya ja baya, kada a rufe mata shago ana gab da salla. In haya kike, gida ne ko shago, kada ki kashe ko kwabo sai kun shirya da mai wurin a rubuce cewa za a cire daga kuɗin haya. Ajin Islamiyya da 'ya'yanki ke cunkushe a ciki shi ma ki leƙa. In ba iska, ku iyaye mata ku haɗa kai ku yi wa malamai magana.

YADDA ZA KI GAYA WA MAIGIDA

Muhalli haƙƙi ne a kan miji, dukiyar mace kuwa tata ce. In kin taimaka, alheri kika yi. Amma ba a fasa bangon gida sai da yardar mai shi. Kada ki tare shi da zancen yana shigowa a gajiye, kada kuma ki ce ai gidan wance an sa. Bari ya ci abinci ya huta, ki kawo littafinki ki ce, "Malam, yaran nan ba sa barci don zafi da sauro. Na sa an auna, ga abin da aikin zai ci, ga kuma abin da na tara." Namiji ya fi sauraron wadda ta zo da lissafi a hannu bisa wadda ta zo da ƙorafi. Ki tuna masa abin da kuka kashe a magani daminar bara. In kuna da abokiyar zama, ku haɗa baki, a yi bi da bi, kada abin alheri ya zama sanadin rigima.

To, 'yar'uwa, yau ɗin nan kafin rana ta faɗi ki cire tsumman da ke tagarki, ki kira 'yarki ta zo da ma'auni da fensir. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.